Abin da Inna Tela Ba Ta Rage Ba

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara ashirin da shida yana tuƙa bas ɗin haya ta cikin gari, kuma ko madubin motar wani bai taɓa goga ba. A garejin kamfaninsu Tirela suke ce masa saboda ƙiba, shi kuwa ko a jikinsa. In ya zo hawa sai ya dafa ƙofa ya ce, "Ku matsa, babbar mota za ta shiga ƙarama," fasinjoji su kwashe da dariya. Kujerarsa ma sai da makaniki ya ja ta baya ya ƙara mata ƙarfe, don teɓarsa ta daina gugar sitiyari.

Matarsa tela ce, Inna Tela muke kiranta. Shagonta yana bakin titin da bas ɗinsa ke bi, kuma kullum ƙarfe goma da kwata in ya zo wucewa sai ya danna hon sau biyu. Ko kai ba ta ɗagawa daga kan keken ɗinki. "Wannan mutum ba zai girma ba," in ji ta. Amma ni na lura, ba a taɓa samunta a bayan labulen gwaji a daidai wannan lokacin ba.

Ƙibar ta cinye masa gwiwoyi, ta kawo hawan jini, ga numfashinsa yana ɗaukewa in yana barci. Shekara shida da suka wuce likita ya haɗa shi da wata 'yar na'ura mai hura iska ta tiyo zuwa takunkumin roba da yake ɗaurawa a hanci da baki in zai kwanta. Bara kuma aka yi masa tiyatar rage ƙiba, aka rage masa tumbi, ya koma cin abinci a faranti irin na yara.

Cikin wata takwas Kawu ya zube. 'Yan gareji suka soke Tirela suka raɗa masa Keke. Duk bayan mako biyu Inna Tela za ta tsayar da shi a tsakiyar shago, tef a wuya, allurai a baki, ta auna, ta rubuta a littafin awo, ta farke ta rage. Kayan aikinsa, wandunan gida, rigar sanyi, har bel ta kai an ƙara masa huda biyar. Tana yi tana mita, wai ta auri mutum guda an dawo mata da rabi.

Kowa sai barka yake masa. "Kai, ka koma saurayi!" Nan ne haushi ya fara kama ni, don ni da nake zuwa gidan kullum ina ganin abin da ba sa gani. Mutum zai farka da baki a bushe kamar takarda, ido ɗaya ja wur, kai na sara. Yana cikin magana sai ya tsaya ya ja dogon numfashi kamar iskar ɗakin ba ta ishe shi ba. A kan kujera yana riƙe da kofi barci ke sace shi. In na yi magana ya ce, "Ke dai 'yar nan, kin cika ido. Jiki ne yake neman sabon saiti."

Wata Talata, a danja, ya rufe ido. Shi da bakinsa ya ce bai fi ƙiftawa uku ba, hon ɗin motar baya ne ya tashe shi. Ba wanda ya sani a cikin bas ɗin. Ya kai mutanensa har tasha ta ƙarshe, ya juya gareji, ya ajiye makulli a kan teburin manaja.

"Ranka ya daɗe, mutum arba'in ke bayana. Ba zan tuƙa su da wannan idon ba."

Manajan mutumin kirki ne, amma kamfani ba ya jira. Ya ba shi wata guda ya kawo takardar likita. In ba ta samu ba, za a mayar da shi bakin get, yana rubuta lambar motocin da ke fita. Kawu ya faɗa mana haka yana murmushi. Ni na shiga bayi na yi kuka, don na san zama a bakin get yana kallon wani a kan kujerarsa zai gama da shi kafin wata cuta.

Muka shiga zaryar asibiti. An ɗauki hoton ƙirji, an gwada zuciya, an ɗebi jini har sau biyu. Komai lafiya lau. "Kana amfani da na'urarka?" in ji likita. "Ban taɓa fashi ba," in ji Kawu, kuma gaskiya ya faɗa. Ni kuma na duƙufa a kan waya ina tono cututtuka, yau in ce zuciya ce, gobe in ce huhu, har na hana kowa sakat. Kawu ya sa mini suna Likitar Waya. Na cancanta.

Saura kwana tara wa'adin ya cika. Da yake zaman gida ya ishe shi, shago yake bin matarsa, har da na'urarsa a jaka. Ran nan bayan azahar ya kishingiɗa a dogon bencin masu jiran ɗinki, ya ɗaura takunkumin, barci ya kwashe shi. Ina gefe ina tsinke zare. Sai na ji keken ɗinki ya tsaya.

"Ke, ji nan," in ji Inna Tela a hankali.

Wani ɗan fito ne siriri yake fita. Ta ɗauki guntun zare ta riƙe kusa da kumatunsa, zaren ya kama rawa. Ta kai shi gefen idon nan mai ja, ya ƙara tashi. Sai ta zura yatsa biyu tsakanin robar da fuskarsa, suka shige ba gardama. Ashe Kawu ya daɗe yana ƙulle igiyar takunkumin yana tamkewa, har ta yi masa shaida a karan hanci, amma kumatun da robar ke zama a kai sun tafi.

Ta janyo littafin awo ta buɗe. "Wuyansa da inci ashirin da ɗaya ne, yanzu sha shida da rabi. Na rage riga, na rage wando, na rage hula. Wannan kaɗai na bari, shekara shida da awon Tirela!" Ta tashe shi da bugu a kafaɗa. "Malam, tashi. Iskar taka duk a waje take zubewa."

Ya buɗe ido ya dube ta. "To Tela, sai ki kama shi da keke mana."

"In ɗinka roba? Tashi mu tafi."

Washegari muka kai wa likita na'urar da littafin awon. Ya duba, sannan ya ce da ya sani, da tun farko ya nemi a kawo masa ita. Aka ba shi ƙaramin takunkumi, aka kwantar da shi aka sake saita ƙarfin iskar daidai sabon jikinsa. Ba zan ce komai ya warware ba. Har yau yakan tsaya ya ja wannan dogon numfashin, kuma ba wanda ya gaya mana dalili, likita dai yana bibiya. Amma barci ya dawo, jan idon ya washe, takarda ta fito saura kwana biyu. Kawu da taurin kai sai da ya roƙi ƙarin mako guda a kujerar fasinja, yana gwada kansa.

Duk tsawon makonnin nan wani direba ne ke bin titin, yana wucewa shiru. Ranar Litinin ɗin da Kawu ya koma, na je shago da sassafe da sunan taya aiki. Inna Tela tana ɗinka wuyan wata riga. Goma da kwata ta yi, ta gota da minti biyu. Sai ga hon, sau biyu.

Ba ta ɗaga kai ba. Amma ƙafarta ta tsaya cak a kan keken, ta kai gefen mayafinta ta goge ido.

"Wannan mutum," ta ce, "ba zai girma ba."