Littafin Bulus Marar Bango

Jama'a, ni aji huɗu na yi aka cire ni, ban iya tsara labari ba, amma wallahi tallahi wannan a kaina ya faru, wanda ya ga dama ya yarda.

Shekarar da aka koma naira ina masinja a wata ma'aikata a Kaduna, ina haya a Unguwar Shanu da matata Hajara. A ofishinmu akwai wani mai buga tafireta, Bulus, mutumin kudancin Kaduna, mayen karatu. Ya sayo wani littafin Turanci a tashar Kawo, ba bango, ƙarshensa ma a yage. Kullum da azahar in na idar da salla sai mu zauna gindin mangwaro yana karantawa yana juya mini da Hausa.

Labarin wani mutum ne da ya ƙwallafa rai a kan wata mata, ba ya taɓa ta, ba ya ce mata uffan, binta kawai yake yana kallo. Babu aljani a ciki, babu jini, amma tsigar jikina tashi take, don da bakinsa yake ba da labarin, har ka ji kamar kai ne a bayan katanga kana leƙenta. Na tsani labarin, amma gari na wayewa na ƙagu azahar ta yi. Tuwo ma ya daina yi mini daɗi.

"Kai Bulus, wannan ai mahaukaci ne."

"To Malam, mu bari?"

"Karanta mana, ɗan banza!"

Sai labari ya fara sauyawa. Matar da a farkon littafin take Baturiya, yau ga ta tana tankaɗe a tsakar gida. Rannan Bulus ya ce ta ƙone a hannun hagu wajen sauke tukunya, mutumin yana tsaye a zaure yana kallo. Na koma gida, ga Hajara da hannun hagu a ɗaure da tsumma. Innalillahi! Bulus kuwa bai san ko lungunmu ba, kuma tare muka wuni.

Washegari na fizge littafin na cusa a murhun mai shayi. Bulus bai ko yi fushi ba, cewa ya yi, "Ai ka makara, mutumin ya riga ya shiga gida."

Na hau keke, ban san yadda na iso gida ba. Na tarar Hajara ta ɗaure kayanta, tana ganina ta ja da baya.

"Maigida, ka dawo kuma? Yanzun nan fa ka fita."

"Ni? Daga ofis nake!"

"Kullum da azahar sai ka zo ka tsaya a zaure ka zuba mini ido, ba sallama, ba ƙiftawa. Yau har bakin ɗaki ka tako. Ni na gaji, tsoronka nake ji."

Na rantse har da Alƙur'ani. Amma wa zai yarda da masinja? Aikina ke nan yawo a keke, kowa ya san ina iya zuwa gida in dawo ba a sani ba. Da yayanta ya zo daga Zariya na kai shi wurin Bulus ya yi mini shaida, sai la'anannen ya ce, "Gaskiya ni karatu nake, ban ɗaga kai na ga ko yana nan ba."

Haka aka tafi da ita. Maƙwabta biyu ma suka ce sun sha ganina.

Shawarata, littafin da ya hana ku cin tuwo ku ajiye shi tun kuna iyawa. Ni dai har yau in aka kira azahar nakan sa wani ya zauna kusa da ni yana kallona, don wani lokaci ina zaune sai in ji ƙafafuna sun gaji, kamar wanda ya daɗe a tsaye.