Wuƙar Baturen Daji da Akuyar Godiya

Woodbridge, kafin gari ya waye

'Yan'uwana mata na gida, kun san ƙafata ba ta son hanya. Tun da na zo ƙasar nan wajen 'yata Rifkatu mai aikin jinya, daga kicin sai coci, daga coci sai kujerar gaban talabijin. Amma ran Asabar ɗin nan ni na riga kowa tashi. Na dama kunun gyaɗa na cika fulas, na zauna bakin ƙofa da wuƙata a cinya, ina jiran mijinta ya nemo makullin mota.

Bari ku ji zancen wuƙar. Akwai wani Bature da nake kallo kullum, wanda ake kaiwa daji a bar shi shi kaɗai. Turancinsa ba na ji, amma aikinsa ina gani. Da wuƙa ɗaya yake sare itace, ya gyara kifi, ya hura wuta. Ranar da aka nuna ana sayar da irinta, da sunansa a jiki, na danna wayata na saya. Dala ɗari biyu, kuɗin masar da nake toya wa mutane. Da Rifkatu ta gani sai ta dafe kai.

"Mama, an cuce ki. Sunansa kika saya, ba ƙarfe ba."

Ta ce in wuƙar ba ta yanka akuyar godiyar jaririnmu ba, za a mayar wa masu ita, kuma za ta cire katin banki daga wayata. Kome nake so sai in tambaye ta. Ni da na haife ta! Na ce to, mu zuba mu gani.

A hanya

Baban Tabita, wato surukina, ya tsaya da ƙofar mota a buɗe. "Mama, cikin Washington za mu ratsa. In ɗan sanda ya leƙo ya ga wannan a cinyarki, ba zancen akuya za a yi ba." Na tura ta but ɗin mota, ƙarƙashin kular ƙanƙara, amma ban ji daɗi ba.

Muka hau babbar hanya mai lamba casa'in da biyar. Ko ran Asabar da duhu motoci ne cike, kamar an kori gari. Muka haye gada, ga manyan ofisoshin gwamnati a jere kamar akwatunan lefe. Ya nuna mini inda Malam Idi, wanda za mu ɗauko ya yanka mana akuyar, ya yi aikin rediyo. Na ce gini har gini, amma ko bishiyar zama babu.

Takoma Park

Malam Idi mutumin Maraɗi ne. Kun san yadda muke yi a gida: in za a yi biki, Musulmi ake kira ya yanka, don kowa ya ci hankalinsa kwance. Nan ma ba mu bari ba. Matarsa Hajiya Rabi, babbar mai sayen masata, ta tare mu da shayi da burodi. Muka gaisa har muka tambayi kajin da ba mu da su. Malam ya fito da wani abu naɗe a tsohon tawul.

"Malam, ajiye. Yau na zo da ta gaske."

"Bon, to, Mama, ba ta da nauyi. Bari ta sha iska ita ma."

Gona

Muka yi arewa, gidaje suna raguwa, masara tana ƙaruwa, har muka sauka titin tsakuwa. Mai gonar wani tsohon Bature ne da ya saba da mutanenmu, har "sannu" ya iya. Na zaɓi jar akuya mai ƙiba. Aka kwantar da ita, Malam ya duba gabas, ni kuma na zaro wuƙata na miƙa masa da hannu biyu, don kowa ya gani.

Ya juya ta, ya auna nauyinta, ya bi bakinta da farce. Rabin bakin sumul ne, rabi kuma haƙora kamar zarto.

"Mama, wannan ta faɗa da bishiya ce."

"Baturen kullum yana gyara kifi da ita."

"Kin taɓa ganin an yanka kifi?"

Har mai gonar ya yi dariya, shi da bai ji me aka ce ba. Malam ya sassauta murya. Ya ce dabba tana da haƙƙi, wuƙa mai haƙora azaba ce gare ta, kuma in aka yi haka shi ba zai iya ce wa mutane su ci ba. Raina ya ɓaci, amma ban ɗauko mutum tun daga gidansa don baƙina su zauna suna kallon nama ba. Na ce ya buɗe tawul ɗinsa. 'Yar siririyar wuƙar kicin ce mai arha, ta sha washi. Kafin in gyara ɗankwali an gama.

Baban Tabita ya zaga bayan mota da waya a kunne, ya kira Rifkatu. Ya manta kunnena yana jin tafasar tukunya daga ɗaki na uku.

"Ba ta yi ba... A'a, ko jini ba ta taɓa ba. Gara haka, don in ta yi aiki ba sa karɓa."

Ashe haka ne!

Mai gonar ya kawo abin ƙona gashi na gas. Na ce ya ajiye, babbakar gas ba ta ƙamshi. Na tara busasshiyar ciyawa. A jikin kuben wuƙar akwai ɗan ƙarfen ƙyasta wuta, irin ƙyastun da babana yake ratayawa. Mai gonar ya tafi ɗauko ashana, kafin ya dawo ciyawa ta kama. Na kankare akuyar nan tas da wuƙar Bature. Na karya ƙafafu da ita. Na ɗora ta a kan kan akuyar na buga da itace har ya rabe biyu. Haƙoran da Malam ya ƙi, su suka ci ƙashin haƙarƙari. Da na gama na dirje ta da yashi da toka, sunan Baturen ya tafi, saura harafi ɗaya.

Surukina ya dawo ya tsaya. "Kai, Mama!"

"Na'am, Baban Tabita. Miƙo kula."

Malam ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Dawowa gida

Muka sauke Malam da cinya guda da hanta. Cunkoso ya riƙe mu wajen gada, muka shanye sauran kunu. La'asar muka iso. Rifkatu tana bakin ƙofa da jariri a kafaɗa da kwalin wuƙar a hannu, har ta manna takardar mayarwa. Na ɗora mata wuƙar a kan kwalin, baƙa ƙirin, tana ƙamshin babbaka.

"Mama, da gangan kika yi."

"Da gangan na saya, da gangan na yi aiki da ita."

In kun tambaye ni ko ta kai kuɗinta, ba ta kai ba. Gatarin nama na kasuwa da kwalin ashana za su yi duk abin da ta yi, kuma kada wadda ta bari ɗanta ya saya. Amma gumina ne, ni zan faɗi haka da bakina, ba a faɗa mini ba.

Rifkatu ta karɓi wayar ta cire katin, kamar yadda ta ce. Ban hana ta ba. Na ce masu sayen masa a hannu suke biya, kuma Hajiya Rabi ma tana da waya. Ta dube ni, ta dubi farfesun kai da na riga na ɗora, ta ce a zuba mata da yawa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Idi, gobe kowa zai ci nama. Wuƙar tana rataye a kicin, sama da tandar masa, inda duk mai shigowa zai gan ta.