Aya Ta Kife a Gaban Malam

Jama'a, yau saura ƙiris mutuncina ya zube a Sabon Gari!

Wani malami daga 'Yandoto ya zo shagona ya duba katin walimar saukar ɗalibansa kafin in buga. Akwai aya a saman katin. Ashe kwamfutata ta sabunta kanta ban sani ba. Ina kunnawa, sai komai ya fito a kife! Har ayar, kai ƙasa!

Malam ya miƙe zumbur. "Subhanallahi! Mi nika gani haka? Ayar Allah ka kife?"

Na ce, "Wallahi Malam ba ni ba ne, na'urar ce!"

Maƙwabta suka fara taruwa a bakin ƙofa. In tura linzamin kwamfutar sama, ya yi ƙasa. Da kyar na shiga saiti, wuyana a karkace, ina laluben wurin juya hoton.

Malam bai jira ni ba. Ya yi bisimilla, ya sungumi allon kwamfutar, ya juya shi ya rungume. Aya ta miƙe. Ya ce, "Alhamdulillahi!"

Daidai lokacin ni kuma na danna gyara.

Jama'a, ta sake kifewa. A hannun Malam, a gaban kowa!