Wynelle Ta Koma Neman Bakin Garinsu

Wynelle Haskins ta bar duwatsun Kentucky da ƙuruciyarta, daga ita sai jita da bakin ƙauye mai jan magana kamar danƙo. A New York 'yan wasan kwaikwayo na waƙa suka yi ta yi mata dariya, har ta nemi malamin da ya kankare mata harshen tas. Ta yi shekaru tana rerawa a dandali, sannan talbijin ta ɗauke ta, ta zama matar likita a wani shiri mai dogon zango. Da fuska ta fara tamoji, marubutan shirin suka kashe ta a hatsarin mota, ko sallama babu.

Sai ta nufi Nashville, birnin mawaƙa, wai za ta koma waƙar gida, ta manoma da direbobin manyan motoci. Mutum ɗaya ya buɗe mata ƙofa, Delmar Stokes mai ɗaukar waƙa, wanda ke neman mai rera masa wata sabuwar waƙa. Ya saurara, ya sosa ƙeya.

"Ƙawata, muryar nan ta sha sabulu da yawa. Wa zai yarda kin taɓa tatsar saniya? Ki zo min da bakin garinku ran Litinin, ko in ba wata yarinya waƙar."

Ta gwada a mota, ta gwada a banɗaki, abin yana fita kamar mai kwaikwayon 'yan ƙauye. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don bayan Delmar ba ta da kowa.

Mai irin harshen da ta rage mata ita ce mahaifiyarta Oleta, wadda mantuwa ta ci ƙarfinta a gidan kula da tsofaffi. Wynelle ta je, kuma a faɗi gaskiya ba zumunci ya kai ta ba. Wayarta na aljihu tana naɗar murya.

"Mama, ni ce."

"Matar likita? Ashe ba ki mutu ba. Zauna, baiwar Allah."

"Wynelle ce, Mama. 'Yarki."

"A'a. Wynelle ba haka take magana ba."

Ta rera mata waƙar cocinsu ta dā. Tsohuwa ta tafa a hankali.

"Ba laifi, kin iya. Amma da kin ji 'yata, da kin ajiye sana'ar."

Nan Wynelle ta manta da Delmar da Litinin ɗinsa. Ta durƙusa ta riƙe gwiwoyin uwarta tana kuka, tana roƙon ta dube ta da kyau. Oleta ta shafa mata kai.

"Haka kika yi ranar da likita ya sake ki, har ni sai da na yi hawaye. Ke da kike birni, in kin ga Wynelle, ki ce mata ta zo gida."

A mota ta kunna wayar. Ga harshen da ta zo nema, tsaf, babu abin da ya ɓata. Ta yi ta mayar da shi baya tana bin bakin uwarta, har nata ya fara kamawa: ki ce mata ta zo gida.