Hudar Wuƙa a Zauren Malam Haliru

Har yau ranar nan tana idona, ranar da na kai fata ɗari uku kamfanin Turawa aka maido mini da ɗari da ashirin. Lokacin Nasara ba su daɗe da zama Sakkwato ba, kuma kamfanin nan kaɗai ke sayen fata da yawa. Baturen kamfanin ya ce mini ta bakin tafinta, in fatun Babbar Sallah mai zuwa suka zo haka, zai nemi wani dillali. Ni kuwa ban gaji dillanci ba, da ƙafata na same shi.

Ku da kuke sayen fata yanzu kun san yadda ake zaɓe. Ana ɗaga fata a rana. Wadda haske bai ratsa ba ita ce lamba ɗaya, mai ƙujewa lamba biyu, mai huda kuwa gefe ake jefa ta. Nawa duk hudar wuƙa ce. Dalili shi ne fatar layya ba mahauci ke feɗe ta ba, 'yan gida ne, suna sauri nama ya hau wuta. Kuma mai layya ba ya sayar da fatarsa, sadaka yake kai wa malamin unguwa, ni a hannun malamai nake saye. To, wa zan yi wa faɗa? Mai sadaka ba a ce masa sadakarsa ta huje, malami kuma ba ni zan koya masa abin da zai gaya wa mutanensa ba.

Na kai fatun da aka ƙi wurin majemi, aka jeme, na jibge su a ɗaki. Matata Ige 'yar dukawa ce, ta iya ɗinkin fata tun gidansu. Wata rana ta ɗauki guda ta zura yatsa a hudar, ta ce, "Maigida, wagga in an yanke wurin hudar ai ta yi abin ratayawa na Sallah."

Na ce, "Kada ki yanke. Ki sa hudar tsakiya."

Ta dube ni ta ce, "Kyautar huda za ka kai ma malamai? Ashe Bature ya taɓa maka kai."

Haka muka yi. Muka daka karan dafi muka rina fatun ja, muka yanka su zagaye kamar faifai, Ige ta yi wa bakin geza da tuntaye. Hudar kuwa ta bi gefenta da koriyar fata, ɗinki ƙanana, har ta zama ita ido ke fara gani. Ni nake yanka da guga, ita take ɗinki, yatsunmu suka yi ja har bayan Sallah. Guda goma sha huɗu muka yi, daidai gidajen malaman da nake saye a hannunsu.

Da watan Babbar Sallah ya kama na fara da Malam Haliru na Ƙofar Marke, don shi ya fi kowa jama'a. Na durƙusa na miƙa, na ce goron Sallah ne daga iyali. Ya juya shi, ya yaba ɗinkin, sannan ya ɗaga shi ya leƙo ni ta hudar.

Ya ce, "Dillali, wagga taga ta mi ce?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, haka fatar ta zo. Cikin na bara ce, na unguwar nan."

Ya ci gaba da juya abin. Na san idan ya ɗauki kyautar a matsayin gori, na rasa shi da duk wanda ke jin maganarsa. Can ya ce, "Nawa hudar ta rage ma kuɗin fatar?"

"Duka, Malam. Mai huda ba su saye."

"Wato mutum shi kawo sadaka, wuƙarshi ta riga ta cinye ta." Ya yi murmushi. "Kai ko ka iya aiko da saƙo. Mi za a yi?"

Na ce wuƙa ta tsaga ciki da ƙafafu kawai, sauran a dunƙule hannu a tura, fata za ta rabu da nama da kanta. A shanya a inuwa.

Ya sa aka rataye abin a zaure, daidai inda mai gaisuwa zai fuskanta. Na ji daga baya cewa duk wanda ya tambayi hudar, Malam sai ya ce, "Wuƙar wani ce cikinku, ban san ko ta wa ba." Magidanta suka riƙa zargin juna da raha, kowa na cewa ba gidansa ba ne.

Ba ko'ina aka karɓa haka ba. Wani malami a Unguwar Rogo ya maido da nasa, ya ce shi ba a yi masa wa'azi da fata. Bai ƙara sayar mini ba har ya rasu, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan gyaran fata yana hannun mutanen da ba za ka iya ba su umarni ba. Sai ka nemi hanyar da za su gani da idonsu, girmansu bai taɓu ba.

Bayan Sallah na kai fata ɗari biyu da tamanin. Bature ya ɗaga su a rana ɗaya bayan ɗaya, ya jefa goma sha tara gefe. Na rasa gida guda da fatunsa, na tsira da dillancina. Goma sha taran kuwa Ige ta karɓe su tun a ƙofa, ta ce na goron Sallar baɗi ne.