Ɗaya Kusurwar Yadin Usta Bayumi

Usta Bayumi (Usta laƙabin gwanin sana'a ne), mai ɗinkin bargon auduga a garin Damanhur, yana da magana ɗaya da duk masu zama a shagon shayin unguwar suka haddace: hannun kowa bai taɓa shiga aikinsa ba sai nasa. Aikin kam ya iya. Ba ya ɗora almakashi a kan yadi sai ya zare silin zare daga wannan baki zuwa wancan, hanyar saƙar ta fito. In yadin ya zo a karkace daga kanti, sai a kama kusurwa biyu a gicciye a ja, har zaren tsaye da na kwance su koma mazauninsu. Abin da bai taɓa gaya wa masu shan shayin ba shi ne mai riƙe ɗaya kusurwar. Matarsa ce, Nabawiyya, wadda ake kira Umm Sabri, tun tana amarya.

Ranar da matar mai gidan burodi ta kawo jan yadi mai sheƙi don bargon auren 'yarta, Bayumi ya maimaita maganar tasa, Nabawiyya na tsaye da farantin wakensa. Ta dire farantin, ta haye bene.

Yadin kuwa a karkace ya zo. Bayumi ya ɗaure kusurwa a mariƙin ƙofa ya ja, mariƙin ya biyo shi. Ya take da ƙafa, sawunsa ya fito a yadin. Ya tuna maƙwabcinsa mai aski, sai kuma ya tuna bakin mai aski. In ya yanka a haka, wanki ɗaya bargon zai murɗe a gadon amarya, dangin ango su tambayi wanda ya ɗinka.

Ya tsaya a gindin bene. "Umm Sabri, sauko ki ga wani abu."

"Daga nan ma ina gani, Usta."

"Riƙewa kawai za ki yi."

"Da wane hannun? Ai ka ce babu."

"Don Allah, baiwar Allah."

Ta sauko, ta ce shagon ɗinkin ya yi ƙunci, ta kwashi yadin zuwa bakin titi, daidai gaban masu shan shayi. Nan suka ja, shi can ita nan. Kowa ya ajiye kofinsa.

"Dage ƙafa, Usta," in ji mai aski, "kada hannun da babu ya kayar da kai."

Yadin ya miƙe sambal, bargon ya tafi gidan amarya. Bayumi bai daina maganarsa ba. Ya dai koma gaya wa baƙi, su ma sai ya fara ɗaga kai ya duba tagar bene.