Bunsurun Iya da Ƙwallon Abba

A gidanmu na unguwar Karama a Dubai ba a hura wuta. Hawa na uku muke a wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo, kuma mai gadin ginin ya sha ja mana kunne a kan hayaƙi. Amma Iya, mahaifiyar Mama, ta ce ita ba ta iya tatsuniya a ƙarƙashin fitilar lantarki ba. Saboda haka da an idar da magariba sai ta sa a kashe fitilar falo, ta jawo kaskonta na turaren wuta, ta zuba garwashi, ni da ƙanina Sadiku mu zauna mu sa jan garwashin nan a tsakiya. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani a taga, motoci suna ta ham a ƙasa, mu kuwa mun riga mun bar Dubai.

"Na ɗauko ta da nauyi, wa zai kama min?" in ji ta.

"Sauke ta a nan!" mu amsa da ƙarfi.

Aikin ido ne ya kawo ta daga Kano. Aka yi aka gama, ta yi zamanta, Abba yana ta sabunta mata biza. Ban fi shekara tara ba a lokacin, kuma duk duniya ba abin da nake so kamar wannan ɗan tsakanin magariba da lisha.

Sai dai Iya ba ta ƙaunar Abba, kuma ba ta ɓoyewa. Ita 'yar gidan malamai ce a cikin birni. Shi kuwa ɗan mahauta ne, kakansa ma ɗan dambe ne da aka san shi a karkararsu. Tun farko ba ta so auren ba, haihuwarmu kuma ba ta sauya komai ba. Kunyar surukuta ta zame musu katanga: daga gaisuwar safe, wadda yake yi a durƙushe daga bakin ƙofa, ba wata magana da ke haɗa su. Duk abin da ɗaya zai gaya wa ɗaya, ni ake aika.

A Jebel Ali Abba yake aiki, a wani sito inda ake lodin kwantena. A shekarar nan ya soma dawowa gida fuska a murtuke. Ba ya faɗa, ba ya hira, sai ya zauna yana ta murza yatsunsa. Wata Juma'a bayan masallaci ya ce in sa takalmina in raka shi.

Wani shagon kayan wasanni muka shiga a kasuwar Karama. Mai jiran shagon ɗan Zangon Kumasi ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Abba ya nuna masa wasu ƙwallayen fata masu siffar gora da aka rataye a ƙarƙashin wani faifan katako, irin waɗanda 'yan damben zamani ke yi wa naushi da sauri, ya ce ƙaramar cikinsu yake so.

"Alhaji, wannan ƙarami ya fi hannunka gudu," in ji mutumin. "Ɗauki babba tukuna. Na fata, kar ka ɗauki na roba, zafin garin nan zai fasa shi."

Ya zaɓo masa faifai mai kauri, ya ce marar kauri rawa yake yi, yana shanye naushi. Ya sa ni juya ƙugiyar da ake rataya ƙwallon da yatsana, in ji yadda take juyawa ba gargada. Ya ce kar a cika mata iska har ta zama dutse, a bari in an danna da babban yatsa ta ɗan lotsa. Sannan ya ja kunnen Abba: bangon kankare kawai, in ba haka ba wata rana abin zai faɗo masa a ka. Ran nan na ga Abba ya yi dariya, abin da na daɗe ban gani ba.

A gida ya bi bango ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Duk holoƙo ne, sai guda: bangon falo na wajen baranda, daidai kusurwar da Iya ke shimfiɗa dardumarta. Sai ya ce, "Ummi, ce wa Hajiya ta yi haƙuri, za a ɗan matsar da shimfiɗarta."

Na je na faɗa. Iya ta dube ni da idon nan da aka yi wa aiki.

"Ce wa mai gidan nan gidansa ne. In ya ga dama ya fitar da ni titi."

Na koma na ce, "Ta ce to."

Ya aro na'urar huda bango a wajen mai gadi. Ya tsaya a miƙe, ya sa ni hawa kujera na yi alama da fensir, yadda cikin ƙwallon zai zo daidai bakinsa. Ya huda, ya ɗaure kusoshi, ya aza ɗan buhun yashi a saman faifan don ya rage jijjiga. Da ya gama ya kai mata naushin farko, ta dawo ta daki goshinsa. Ni da Sadiku muka fashe da dariya. Iya ba ta yi ba.

"Mafitsarar sa ce ya rataya mana a falo," ta ce, da muryar da za ta isa ko'ina a gidan. "A mahauta haka yaransu ke hura ta suna wasa. Mutum ko ina ya je, da gidansu yake tafiya."

Daga nan yaƙi ya soma. Motar ma'aikata tana sauke Abba gab da magariba, ba shi da wani lokaci sai namu. Iya na cewa ta ɗauko ta da nauyi, sai mu ji tatata, tatata, tatata a bayanmu. Da farko yana kuskure, abin yana tsayawa. Kafin wani lokaci hannunsa ya faɗa, sautin ya zama kamar ganga. Iya ta ɗaga murya, shi ya ƙara sauri. Ta ƙara turare har ya soma tari, shi ya buɗe ƙofar baranda zafi ya shigo. Ba wanda ya kalli wani. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Sadiku, wanda ya soma juya mata baya yana kallon hannun Abba.

Ni kuwa na lura da wani abu: in ya gama, gumi sharkaf, sai ya yi wanka ya ci abinci, har ya tambaye mu makaranta.

Mama ma ta lura. Wata rana ina yankan albasa a kicin na ji tana roƙon Iya ƙasa-ƙasa. Ta ce an kawo musu sabon foman a sito, matashi, wanda ke kiran Abba da ƙyasta yatsu, yana ce masa "yalla, ya walad", wato "maza, kai yaro", a gaban yaran da Abba ya koya wa aiki. Ta ce Abba ba ya iya mayarwa, saboda bizarmu duka a hannun kamfanin take.

"Don Allah Iya ki bar shi da abin nan. Kuma kar ya ji na gaya miki."

"Uhm," in ji Iya.

Da magariba ta zuba garwashi, ta jira har Abba ya naɗe hannunsa ya soma. Sannan ta buɗe baki, ba ta ko ɗaga murya ba.

Wai akwai wani bunsuru mai gemu da manyan ƙahoni. Kullum in ya je rijiya sai ya tarar da wani ɗan taure, ɗan jiya-jiya, ya tare hanya. Ɗan tauren ya buga ƙafa a ƙasa, ya ce, "Kai yaro, matsa can!" Bunsuru ya sunkuyar da kai ya matsa. In ya dawo gida kuwa, akwai wata gora da aka rataye a rumfa. Sai ya ja da baya ya kai mata karo. Ta yi lilo ta dawo, ya sake kai mata. 'Ya'yansa suna tafi suna cewa babansu jarumi ne. Ran nan gorar ta gaji, ta yi magana. Ta ce, "Mai gemu, ni ban taɓa ce maka yaro ba. Wanda ya faɗa yana bakin rijiya. Ko hanyar ce ba ka sani ba?"

Ban san lokacin da tatatan ta tsaya ba. Na dai juya na ga ƙwallon tana lilo ita kaɗai, Abba ya kafe Mama da ido, ita kuma tana tsaye a ƙofar kicin ta toshe baki da hannu.

"Sai bunsurun ya yi me?" in ji Sadiku.

"Me zai yi? Bunsuru ne. Nan zaren ya tsinke."

Abba ya warware ƙyallen hannunsa a hankali. Ya sauke ƙwallon, ya zare mata iska, ya kwance faifan, ya kai wa mai gadi kyauta. Ya dawo ya ja dardumar Iya da kansa ya mayar da ita kusurwarta, a ƙarƙashin ramukan kusoshi.

Iya ta samu falonta. Tatsuniya ta dawo ba mai katse ta, amma ni na daina amsa mata. Abba ya koma murza yatsu.

Ba a rufa wata ba, wata ranar aiki motar ma'aikata ta zo ba shi a ciki. Foman ɗin ya ƙyasta masa yatsu a gaban mutane, Abba ya ajiye abin da ke hannunsa ya kai masa naushi ɗaya a muƙamuƙi. Aka tsare shi, aka kai kotu, aka soke bizarsa, tamu ta bi ta. Daga wurin da ake tsare da shi aka wuce da shi filin jirgi. Mu muka tattara kaya muka biyo shi Kano a tsakiyar zangon karatu. A jirgi ina jin Iya tana ce wa Mama, "Ai na gaya miki tun ran farko. Jini ne."

Har ta rasu ba ta janye wannan magana ba, shi kuma bai fasa durƙusa mata ba duk safiyar da ta kwana a gidanmu. Na girma, na yi aure, kafin na iya tambayarsa ko ya yafe mata. Yana zaune a ƙofar shagon da ya buɗe a Kano, ya amsa min.

"Da ƙarya ta yi, Ummi, dariya zan yi."

Na jima ina juya wannan amsa, kuma ban yarda da shi ba. Iya ta ɗauka tsoro ne ke sa mutum ya sunkuyar da kai a bakin rijiya. Ba ta sa a tatsuniyarta cewa ruwan da yake ɗebowa 'ya'yansa ne ke sha ba, har da ita mai ba da labarin. Ta fi duk wanda na sani iya tatsuniya, kuma daga bakinta na gane cewa labari mai daɗi yana iya rusa gida, in mai shi ya san inda zai nufa da shi.

Yanzu 'ya'yana suna matsa min in yi musu tatsuniya, kuma ina yi. Amma kafin in buɗe baki, sai na waiwaya na ga waye kuma yake cikin ɗakin.